Yadda Yaro Ke Koyon Mallakar Zuciyarsa

Jama'a, ba a haifi ɗan Adam da haƙuri ba. Koyonsa ake yi kamar yadda ake koyon tafiya da magana, kuma a bayan uwa ake fara karatun.

Jariri ba shi da dabarar kwantar da hankalinsa. In yunwa ko tsoro suka kama shi sai kuka, har a ɗauke shi a rarrashe shi. Wajen mako 6 zuwa 8 yakan fara mayar da murmushi, wajen wata 8 kuma ya fara ƙiwa. Kafin ya cika shekara ya riga ya koyi duban fuskar uwarsa domin ya san ko abin da ke gabansa abin tsoro ne.

An gwada wannan a Amurka. A shekarar 1985 James Sorce da abokan aikinsa suka ba da labarin yadda suka ɗora 'yan shekara ɗaya bisa wani tebur na gilashi, wanda aka shirya shi kamar akwai rami a tsakiya, uwa kuwa tana tsaye a ɗaya gefen. Sa'ad da iyayen suka nuna tsoro a fuska, ko yaro ɗaya bai ƙetare ba. Da suka nuna fara'a, yawancin yaran sai suka rarrafa zuwa gare su. Watau yaro aron natsuwa yake yi daga babba kafin ya sami tasa.

Tsakanin shekara 2 da 3 birgima takan yi yawa, har a ce yaro ya lalace. Bai lalace ba. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa fushi burki, ba ya gama ƙosawa sai mutum ya haura shekara 20. Ga shi kuma kalmomin yaron ba su isa ya faɗi abin da ke damunsa ba. Sau da yawa a wannan lokaci ne ake yaye shi, ko a kai shi gidan kaka, ko ya ga ƙane ya gaje masa goyo. Wannan ba ƙaramin rashi ba ne ga ɗan shekara 2.

Bulala takan tsayar da kuka, amma ɓoyewa kawai take koya wa yaro. Haka tsoratarwa da dodo. Mafi muni ita ce barazana da allurar likita, domin ranar riga-kafi uwa ce za ta sha wahala a bakin asibiti.

Abin da ya fi shi ne babba ya durƙusa daidai tsayin yaron, ya sassauta murya, ya ambata masa sunan abin da yake ji: "Ka yi fushi don an karɓe wuƙar." Wuƙar dai ba za a mayar masa ba. A bar shi ya huce kusa da mutum, sa'an nan a yi masa faɗa in faɗan ya kama, gama yaro ba ya jin nasiha yana tsakiyar kuka.