Aikin Jiyyar Masu Taɓin Hankali

Jama'a, kowane gari muna da mai taɓin hankali. Wani an sa masa mari, wani yara na jifansa. To, wannan ciwo ne, kuma yana da magani.

A 1954 Likita Lambo ya soma wata dabara a Aro, kusa da Abeokuta. Ya saukar da majiyyata a gidajen ƙauye tare da danginsu, ana yi musu magani. Da yawa suka sami sauƙi.

Wannan jiyya koyonta ake yi. Yaro ko yarinya su gama sakandare, su shiga makarantar nas, sa'an nan su ƙware a asibitin Barnawa, Kaduna.

Masu wannan aiki sun yi mana kaɗan. Mu bar 'ya'yanmu su yi karatu.