Jawabi Kan Kuɗin Shigar Da Ƙara, Neman Rangwame Da Rufin Asiri A Kotu

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, shugabannin ƙungiya, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12, barkanmu da wannan zama.

Maganar yau ta shafi wanda zai shiga kotu da kansa, ba lauya. Da yawa daga cikinmu ana cinye musu kuɗin kaya, ko mai gida ya riƙe kuɗin ajiyar haya, su bar wa Allah don an ce musu kotu ta masu kuɗi ce. Haƙuri abu ne mai kyau, amma ku sani a dokar jihar Legas bashin ciniki yana da wa'adin shekara 6. In ya wuce ba ka kai ƙara ba, kotu ba za ta saurare ka ba.

Na farko, kuɗin shigar da ƙara. Magatakardan kotu ne ke duba takardunka ya ƙayyade abin da za ka biya, gwargwadon irin ƙarar da yawan abin da kake nema. Akwai kuɗin takardar rantsuwa da na kai sammaci. Ka biya inda aka ce a biya, ka karɓi rasit, ka adana shi. Kada ka miƙa kuɗinka ga masu yawo a harabar kotu suna cewa za su gaggauta maka. Idan magatakarda ya yi kuskure ya ƙayyade ƙasa da yadda ya kamata, Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Akpaji da Udemba a 2009 cewa wannan ba ya kashe ƙara, cikon kawai za a biya. Amma wanda bai biya komai ba, ƙararsa ba ta shiga ba.

Na biyu, wanda ba shi da hali. Dokokin Babbar Kotun Legas sun ba da damar mutum ya yi ƙara ko ya kāre kansa a matsayin marar ƙarfi. Za ka rubuta takardar roƙo, ka haɗa da rantsuwa wadda ka yi da kanka, ka bayyana sana'arka, abin da kake samu, da dalilin ƙararka. Alƙali na iya yafe kuɗin duka ko wani ɓangare, har a ba ka lauya. Ku faɗi gaskiya a rantsuwar, domin in an gano ƙarya za a janye rangwamen, kuma rantsuwar ƙarya laifi ce.

Akwai wasu ƙofofin. Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976, tana taimakon wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024. Jihar Legas tana da Ofishin Lauyan Talakawa tun 2000, da cibiyar sasanta jama'a kyauta tun 1999. Sannan a 2018 aka buɗe kotun ƙananan basussuka a kotunan majistare, don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba a lokacin da aka kafa ta. A can ba dole sai da lauya ba, sai dai ka fara aika wa wanda kake bi takardar neman biya. Ba a tambayar ka jiharka ta asali kafin a saurare ka.

Na uku, rufin asiri. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a. Amma ya ba alƙali ikon fitar da 'yan kallo don kare yaran da ba su kai shekara 18 ba, ko sirrin rayuwar masu shari'a. Dokar Haƙƙin Yara ta Legas ta 2007 kuma ta hana bayyana sunan yaro a shari'ar da ta shafe shi. Iyaye mata, wannan naku ne musamman, a maganar riƙon yara ko fyaɗe. Ku roƙi alƙali tun zaman farko, ku faɗi cutarwar da kuke tsoro a fili. Jin kunya kaɗai ba ya isa hujja, kuma ko an amince, abokin shari'arku zai ga takardun.

A ƙarshe, wanda ake tuhuma da laifi kuma ba ya jin harshen da ake yin shari'ar da shi, tsarin mulki ya ba shi tafinta kyauta. Kada kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Wanda ke da ƙara a hannu ya zo da rasit da sammacinsa bayan taro mu duba tare.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.