Sa Sabuwar Giyar Distiribita: Yi Alama Kafin Ka Kwance

Wannan shi ne jawabin da editan wannan jarida ya yi wa kanikawa da yaran gareji, ranar da suka gama ajinsu na yaƙi da jahilci.



Tun da yanzu kun iya karatu da lissafi, na ga ya dace mu yi magana a kan wani aiki na sana'arku, wanda lissafi ne daga farkonsa har ƙarshensa, wato sa sabuwar giyar distiribita. Yawancin motocin da ake ƙerawa yanzu ba su da distiribita, kwamfuta ke raba musu wuta. Amma tsofaffin motocin da ke kai mu kasuwa da asibiti a karkara, irin su Toyota Hiace mai shan fetur da Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, da yawansu suna nan da ita. Idan irin wannan mota ta kwanta a ƙauye, tumatirin manomi ne zai ruɓe, mai naƙuda ce za ta rasa abin hawa.

To, mene ne aikin distiribita? Ita ce ke karɓar wuta daga kwayil, ta raba wa fulogogi ɗaya bayan ɗaya. A injin mai silinda 4 irin namu, jerin shi ne 1, 3, 4, 2. A injin Hiace da ire-irensa, akwai wata 'yar giya a ƙasan sandar distiribita, wadda haƙoranta ke cizon haƙoran kamshaf. Ita ke juya rota. Idan haƙoranta suka cinye, sai taimin ya riƙa yawo, mota ta riƙa tari. Idan 'yar ƙusar da ke riƙe da ita ta karye, sai injin ya mutu murus.

Aiki na farko, tun ba a taɓa noti ba, shi ne alama. Ka ja birkin hannu, ka fitar da mota daga giya, ka cire kan batir na ƙasa. Ka buɗe hular distiribita, ka yi alama da fenti a jikinta daidai inda bakin rota ke kallo. Ka yi ta biyu tsakanin jikin distiribita da jikin injin. Sa'an nan ka zare ta a hankali, idonka a kan rota. Za ka ga ya ɗan juya da kansa yayin fitowa, domin haƙoran giyar a karkace suke, ba a miƙe ba. Inda ya tsaya, ka yi alama ta uku. Daga nan kada kowa ya juya injin, kada yara su tura motar tana cikin giya.

Na biyu, ka ɗora sabuwar giya kusa da tsohuwa. Ka ƙirga haƙoransu, ka duba tsawonsu da faɗin raminsu, ka ga ko karkatarsu ɓangare ɗaya take. Kama da wane ba ta wane. Giyar da ƙarfenta bai dace da na kamshaf ba tana iya cinye kamshaf ɗin, kuma canza shi ya fi canza ta tsada nesa ba kusa ba.

Na uku, ka fitar da ƙusar da ponci, ka zare tsohuwa. Yawancin giyoyin nan suna da ɗan ɗigo a gefe guda. Ka lura da inda ɗigon tsohuwar yake kallo, galibi yana saitin bakin rota, ka sa sabuwar haka nan. Ramin ƙusa zai yarda ko ta wace fuska ka sa ta, amma idan adadin haƙoran bai rabu biyu daidai ba, juya ta baya zai gusar da rota rabin haƙori. Ka sa sabuwar ƙusa, kada ka mai da tsohuwa, kada kuma ka sa ƙusar kafinta. Ka juya sandar da hannu ka ji tana tafiya sumul, da ɗan wasa kaɗan sama da ƙasa. Ka shafa wa haƙoran baƙin mai.

Na huɗu shi ne mayarwa. Ka sa bakin rota a kan alama ta uku, ka zura. Yayin da haƙora ke shiga juna, rota zai juya ya komo kan alama ta farko. Idan bai komo ba, ka zare ka gusa haƙori ɗaya. Kada ka raina haƙori ɗaya. Ga lissafin: da'ira digiri 360 ce. A ce giyar tana da haƙora 13, kowane haƙori ya kusa digiri 28 ke nan. Kiranshaf kuwa sau biyu yake juyawa kafin distiribita ta juya sau ɗaya, saboda haka kuskuren ya zama wajen digiri 55 a kiranshaf. Alhali irin waɗannan injuna digiri 5 zuwa 10 kurum suke so wuta ta riga fistin isa sama idan injin na aiki a tsaye.

Wani lokaci distiribita za ta ƙi zama, ta bar 'yar tazara. A injuna da yawa, ƙasan sandarta ne ke juya famfon baƙin mai, kuma harshen bai faɗa cikin tsagarsa ba ke nan. Kada ka danne ta da noti ko guduma. Ka zare, ka zura dogon sukudireba ka ɗan juya tsagar famfon, ka sake gwadawa. Wanda ya yi ƙarfa-ƙarfa a nan, injinsa na iya tashi ba mai, ya ƙone.

To, idan an riga an juya injin, alamu sun ɓata fa? Sai ka nemo lamba ɗaya. Ka cire fuloginta, ka toshe ramin da babban yatsa, yaronka ya juya fuli da sifana. Da ka ji iska na ture yatsanka, sai ya ci gaba sannu sannu har tsagar fuli ta zo daidai da alamarta. Wannan gwajin yatsa wajibi ne, domin fistin sau biyu yake hawa sama: sau ɗaya yana matse fetur da iska, sau ɗaya yana korar hayaƙi. Idan ka saita a kan hawan hayaƙi, injin ba zai tashi ba, sai harbi ta kafireto ko ta salansa. Bayan haka sai ka zura distiribita yadda rota zai tsaya yana kallon wayar lamba ɗaya. Masu aikin 504 su tuna cewa lamba ɗaya tasu tana baya ne, wajen kuloci, kuma giyar tana kan sandar famfon mai, ba a jikin distiribita ba.

Da injin ya tashi, abin da za ka fara duba shi ne fitilar baƙin mai. Idan ba ta mutu nan da nan ba, ka kashe injin. Idan ta mutu, ka daidaita taimin da fitilar taimin bisa lambar da littafin motar ya faɗa, ka ɗaure noti. Kuma ka juye tsohon mai, ka canza filta, domin garin ƙarfen tsohuwar giya yana ciki. Ka leƙa haƙoran kamshaf ma tun kafin mayarwa. Idan su ne suka lalace, sabuwar giya ba za ta daɗe ba.

'Yan'uwa, littafin nan na mota da a da kuke jefawa a lungu, yau kuna iya karanta lambobinsa. Kowane gareji ya ajiye littafin rubutu, a riƙa rubuta irin injin, da adadin haƙora, da ranar da aka yi aiki. Ku kuma turo mana yaranku da ba su shiga aji ba tukuna.

Allah ya yi wa sana'arku albarka, ya kiyaye hanya.