Daga Yumɓun Suleja Zuwa Kujerar Shehun Malami



Yawancinmu in an ce injiniya, sai mu tuna mai gyaran mota a Agege. Akwai wani reshen aikin, wato binciken abin da ake ƙera kaya da shi: me ya sa ƙarfe ke karyewa, me ya sa tukunya ke tsagewa a wuta. Wanda ya bi wannan hanya yakan ƙare a jami'a, yana koyarwa yana bincike.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne a Suleja. A 1951, zamanin Sarki Sulaimanu Barau, tun garin yana amsa sunan Abuja, Bature Michael Cardew ya zaɓe shi don kafa makarantar ginin tukwane. Ya yi ta gwada yumɓun yankin, ya haɗa garin dutse da toka ya sami ruwan ƙyalli, yana gashi da itace a zafin da ya haura digiri 1,200. Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko. Ba ta yi boko ba, amma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa. Duk mai naira 20 a aljihu yana ɗauke da hotonta.

To, yumɓun nan da muke rainawa ya kai har Amurka. Shehun Malami Wole Soboyejo ya karanta injiniyancin injuna a Landan, ya yi digirin dakta a Kambirij a 1988, ya koyar a Princeton, ya kuma shugabanci Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka a Abuja. Shi da ɗalibansa sun binciki tukunyar tace ruwa: a kwaɓa yumɓu da garin katako, a gasa. Garin ya ƙone, ya bar ƙananan ƙofofi. Ruwa ya tsatso, yawancin ƙwayoyin cuta su maƙale.

Abin da ke damuna, 'yan'uwa, shi ne yaron da ake cirewa daga aji uku a zaunar da shi a rumfar goro. Hanyar doguwa ce, ban ɓoye muku ba: shekara 5 a digirin farko, kafin na biyu da na dakta. Amma Zariya da Minna duk suna koyar da wannan fanni, kuma abin da za su fara tambayar yaronku shi ne sakamakonsa a lissafi da fizik da kimistiri.