In Ka Je Taron Meknes, Ka Leƙa Unguwar Mella

 

Yau maganarmu da kai ce, malam, kai da ƙungiyarku ta zaɓa ka je babban taron noma da kiwo na birnin Meknes a ƙasar Maroko, wanda aka fara tun 2006, akasari wajen watan Afrilu. Za ka ga shanun madara da raguna har ka gaji. To amma in aka ba ku hutun yini guda, kada ka ƙarar da shi a ɗakin otal. Tafiya mabuɗin ilmi, in ji Hausawa.

Daga Meknes ka hau jirgin ƙasa zuwa Fas, tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Na san inda zuciyarka za ta fara kai ka: zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani. To, bayan ka yi ziyara, ka tambayi hanyar Mella, dab da fadar sarki. Mella ita ce unguwar Yahudawa, kuma ta Fas ce ta farko a Maroko, tun 1438. Sunan daga kalmar gishiri ta Larabci ya samo asali. A 1492, da aka kori Yahudawa daga Sifen, da yawansu nan suka sauka.

Kana shiga za ka ga bambanci. Gidajen Musulmin Fas ciki suke kallo, wajen tsakar gida. Na Mella kuwa barandarsu ta katako kan titi take. Akwai ɗakin ibada na Ibn Danan, ginin ƙarni na 17, da na Al-Fasiyyin da aka gyara aka buɗe a 2013, sai maƙabartarsu mai fararen kaburbura.

Za ka ce, me ya haɗa bafatake da wannan? Ciniki mana! Zamanin ayarin raƙuma, zinariya da gashin jimina da fatu na ƙetare Sahara zuwa arewa, kuma Yahudawan Maroko na cikin dillalai da maƙeran zinariya da masu ba da jari. Har fatar jar akuyarmu ta Sakkwato da Maraɗi, da ta isa Turai ta hannun 'yan arewacin Afirka, sai aka riƙa kiranta fatar Maroko. In ka leƙa majemar Shuwara a tsohon garin Fas, warin kaɗai zai tuna maka da gida.

Ba kullum zaman ya yi daɗi ba, gaskiya ɗaya ce. An kai wa Mella ta Fas mummunan farmaki a 1465, aka sake a 1912. Wajen 1948 Yahudawan Maroko sun kai kimanin 250,000. Daga baya suka yi ƙaura zuwa Isra'ila da Faransa da Kanada, yau saura 'yan dubbai, galibi a Kasabalanka. Gidajen Mella yanzu Musulmi ne a ciki. Kai da ka taɓa ganin kasuwar kan iyaka ta mutu saboda abokan ciniki sun watse, ba sai an yi maka dogon bayani ba.

In lokaci ya ƙure, Meknes ma tana da tata Mella, ga kuma rumbunan hatsi da bargar dawakin Sarki Maulaya Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727.

Ga shawara kaɗan. Asabar ranar hutun Yahudawa ce, kana iya tarar da ƙofa a rufe. Juma'a kuma shaguna da yawa na rufewa da rana. Ka riƙe canjin dirhami don mai gadi. Kada ka ɗauki hoton mutum sai ka nemi izini, kada ka taka kabari, kuma ka bar gardamar siyasa a gida. Baƙo kake, ka shiga da ladabi, ka fita da ladabi.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.