Malami Ɗaya, Azuzuwa Huɗu: Jawabi Kan Darasi Ta Kiran Bidiyo a Kudancin Kogin Kaduna



Batun da muke son gabatar muku a yau shi ne koyarwa ta kiran bidiyo. Malami zai tsaya a ɗaki guda, kyamara na ɗaukarsa, ɗalibai a wasu makarantu suna ganinsa a allon talabijin suna jin muryarsa, shi ma yana ganinsu, su yi tambaya ya amsa nan take. Tambayar da ke gabanmu ita ce: shin ya dace a zuba amanar jama'a cikin wannan aiki a makarantun unguwanninmu na kudancin kogi? Amsarmu ita ce ya dace, bisa sharuɗɗa biyu. Na farko, kada a bar aji babu malami a cikinsa don an kawo allo. Na biyu, kada a sayi na'ura sai an tanadi abin da zai riƙa ciyar da ita.

Bari mu fara da dalilin da ya sa buƙatar ta fi tsanani a wannan yanki. Dattawan da ke zaune a nan sun san lokacin da Kakuri ke cike da ma'aikata. An buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975. Albashin waɗannan masana'antu shi ya gina gidaje a Kakuri da Makera da Nasarawa, shi ya biya kuɗin makarantar 'ya'ya. Da masaƙun suka durƙushe, KTL a 2002, UNTL a 2007, sai dubban iyaye suka wayi gari babu aikin yi. A daidai wannan tsakanin ne rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 suka raba garin gida biyu, jama'a suka yi ta ƙaura, kowa ya koma inda yake ganin ransa zai tsira. Kogin da a da ake ƙetarewa safe da yamma ba tare da tunani ba, sai ya zama iyaka a zukatan mutane.

Makarantun al'umma da na Islamiyya da ke koyar da boko a wannan ɓangare sun gaji raunin nan biyu: iyaye marasa ƙarfi, da wahalar samun ƙwararren malami. Matsalar malamai kuwa ta jihar ce baki ɗaya. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, 21,780 daga cikinsu ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta muhawara kan adalcin wannan jarrabawa, amma ba wanda ya musanta cewa malami mai iya koyar da lissafi da kimiyya da Ingilishi abu ne mai wuyar samu. Ƙaramar makaranta ba za ta iya riƙe irin wannan malami ita kaɗai ba. Makarantu huɗu kuwa za su iya, idan akwai hanyar da zai shiga azuzuwansu a lokaci guda ba tare da ya ɓata rabin yininsa a cunkoson gada ba.

Wani zai ce ai an gwada karatu daga nesa a 2020, kuma mun ga yadda ta kaya. Gaskiya ne. Da aka rufe makarantu a watan Maris na shekarar saboda annobar korona, an riƙa watsa darussa ta rediyo da talabijin, makarantun masu hali kuma suka koma Zoom da WhatsApp. Yaron da ke da waya da data da wuta a gidansu ya ci gaba da karatu, wanda ba shi da su ya zauna. Amma abin da muke magana a kai daban ne. Wancan ya kai darasi gida, inda kowane yaro ya dogara da aljihun mahaifinsa. Wannan zai kawo darasi aji, inda allo ɗaya da layin intanet ɗaya suka wadatar da ɗan mai shago da ɗan mai tura baro baki ɗaya.

Ba mu ne za mu fara ba. Jihar Amazonas ta ƙasar Brazil, inda koguna suka raba ƙauyuka da birane, tun 2007 take watsa darussa kai tsaye daga birnin Manaus zuwa azuzuwa masu nisa ta tauraron ɗan'adam. A Ghana, gidauniyar Varkey ta fara wani shiri a 2014, malamai suna koyarwa daga Accra zuwa makarantu 72 da aka sanya wa wutar sola, masu bincike kuma sun samu cewa yaran sun ƙaru a lissafi. Abin lura shi ne, a ƙasashen biyu ba a bar yara su kaɗai da allo ba. Kowane aji yana da malaminsa a ciki. Shi ke tsawatarwa, shi ke miƙa makirufo ga mai tambaya, shi ke duba littattafai, shi ke gane yarinyar da ta yi shiru don ba ta fahimta ba. Malamin da ke allo yana ganin fuskoki, amma ba ya ganin abin da aka rubuta a littafin yaron da ke benci na ƙarshe. Akwai kuma wata riba: malamin aji da ya shekara yana kallon gwani na warware lissafi, shi ma zai fita da ilimin da bai shigo da shi ba. Wannan shi ne sharaɗi na farko.

Sharaɗi na biyu ya shafi kuɗi, kuma a nan ne muke roƙon masu bayarwa su ba mu hankalinsu. Kayan da ake buƙata sanannu ne: allon talabijin babba ko majigi, kwamfuta ko waya mai kyau, kyamara, makirufo da lasifika, faranten sola da batir da inbata, sai na'urar intanet. Daga cikinsu sauti ya fi hoto muhimmanci, domin yaro zai jure hoto mai dishi-dishi, amma ba zai koyi komai daga muryar da ke yankewa ba. Duk waɗannan ana sayensu a rana ɗaya, a ɗauki hoto, a yi addu'a a watse. Sai dai sayen doki na rana ɗaya ne, harawarsa kuwa ta kullum ce. Awa ɗaya na kiran bidiyo na iya cin data daga rabin giga zuwa giga ɗaya da rabi, gwargwadon ingancin hoto. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023, dogaro da janareto ya fi ƙarfin ƙaramar makaranta. Batir yana tsufa, ƙurar hunturu tana rufe faranten sola, malami kuma yana da iyali. Allon da ba a tanadar masa waɗannan ba, bayan zango biyu zai zama abin rataye a bango.

Saboda haka muke ganin wannan aiki na wakafi ne. Zakka tana da masu ita, kashi takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, galibin malamai kuma sun tafi a kan cewa mallaka wa mabuƙaci ake yi. Za a iya biyan buƙatar ɗalibi maraya ko matalauci daga cikinta, amma ba mu so a karkatar da haƙƙin talaka zuwa sayen na'ura. Wakafi kuwa asalinsa ke nan: a tsare tushen dukiya, a riƙa ciyar da amfaninta, kamar yadda Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yi da gonarsa ta Khaibar. Shago ɗaya a kasuwa, ko ɗaki biyu na haya, idan aka tsayar da kuɗinsu ga data da gyara da alawus ɗin malami, sun fi alluna goma da aka raba aka juya baya.

Akwai kuma amanar yara. A Afrilun 2020 ƙasar Singafo ta dakatar da malamanta daga amfani da Zoom na wani lokaci, bayan wasu ɓata-gari sun kutsa cikin darasi sun nuna wa ɗalibai hotunan batsa. Don haka kowane darasi sai da kalmar sirri, kuma malami ne kaɗai zai ba da izinin shiga. Ba za a naɗi fuskokin yara ba, ba za a watsa hotunansu a Facebook don neman tallafi ba. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, tarbiyyarmu ma ta riga dokar faɗin haka.

Abin da muke nema daga kwamitocin masallatai abu uku ne. Ku haɗa kai, makarantu uku ko huɗu, ku daidaita jadawalinku domin darasin lissafi ya faɗo a sa'a ɗaya, ku fara da fanni ɗaya da aji ɗaya. Ku ware ɗaki mai ƙofa da makulli, ku kuma naɗa mutum ɗaya amintacce da za a tambaya idan wani abu ya lalace. Sannan ku gwada yaran a farkon zango da ƙarshensa, ku kawo mana sakamakon yadda yake, domin mai bayarwa yana da haƙƙin sanin ko kuɗinsa sun ƙara wa yaro ilimi. Inda aka ga ba a ƙaru ba, a tsaya a gyara kafin a faɗaɗa.

Muna kuma fatan kada a tsaya kan malami kawai. Layin da ya kawo darasin lissafi zai iya haɗa aji a Kakuri da aji a Unguwar Sarki, ko aji a Makera da aji a Sabon Tasha, a yi kacici-kacici ko muhawara, Musulmi da Kirista. Yaran da aka haifa bayan 2002 sun taso suna jin labarin juna daga bakin manya. Gani ya kori ji.