Dabarun Kai Hari a Wasan Ƙwallon Kwando Idan An Tsare Ɗan Tsakiya

Jawabin da aka gabatar a zaman matasa da wasanni na taron shekara



Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ba ni dama in yi magana a kan wasan da na ɗauki shekaru ina koyar da shi a makarantun sakandare, wato ƙwallon kwando. Na san da yawa daga cikinku sun fi sabawa da ƙwallon ƙafa da dambe da kokawa. Amma 'ya'yanku da ke karatu a birane suna buga ƙwallon kwando, kuma Allah ya albarkaci yankinmu da samari dogaye masu ƙarfin jiki, waɗanda duk kocin da ya gan su sai ya yi sha'awarsu. Saboda haka zan tsaya a kan matsala guda ɗaya wadda ta taɓa jawo mini kunya a gaban jama'a.

Wata shekara na kai yaran makarantarmu gasa a Katsina. A cikinsu akwai wani yaro daga wani ƙauye na ƙasar Safana, wanda ya fi kowa tsawo a filin. Dabarata ɗaya ce tak: a miƙa wa dogo ƙwallo a gindin kwando, shi kuwa ya zura. Kafin hutun rabin lokaci muna kan gaba, har na fara tunanin inda za mu ajiye kofi. Da aka dawo, sai kocin abokan karawarmu ya sa yaro ɗaya ya tsaya a gaban dogon namu, wani kuma a bayansa. Yarana suka ci gaba da cusa masa ƙwallo, ana ƙwacewa, ni kuma ina bakin fili ina ihu a ƙara miƙa masa. Aka cinye mu. A mota yaron ya yi ta kuka yana ganin shi ya ja mana, alhali laifin nawa ne, domin ban koya wa sauran huɗun abin da za su yi idan aka rufe musu shi ba.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, kowane ɓangare yana da 'yan wasa 5 a fili. Kwandon yana da tsawon mita 3.05 daga ƙasa, shi ya sa mafi tsawon 'yan wasa yake tsayawa kusa da shi, kuma shi ake kira ɗan tsakiya. Jifa daga kusa maki 2 ne, daga bayan babban layin da ke da nisan mita 6.75 kuwa maki 3 ne. Masu kai hari suna da daƙiƙa 24 su yi jifa, kuma doka ta hana mai kai hari ya wuce daƙiƙa 3 a cikin akwatin da ke gindin kwandon abokan karawa.

Hanya uku ake bi a hana ɗan tsakiya sakat. Ta farko ita ce a tare masa gaba, mai tsaro ya shiga tsakaninsa da ƙwallo yadda ba za ta iso gare shi ba. Ta biyu, a bari ƙwallon ta zo hannunsa sannan mutum biyu su yi masa taron dangi. Ta uku kuwa ita ce tsaron yanki, inda masu tsaron duka biyar za su ja da baya su cunkushe gindin kwando. Kowace daga cikin hanyoyin nan tana da kuɗin da mai tsaro yake biya. Idan biyu suka koma kan mutum ɗaya, saura uku ke tsaron huɗu, ke nan akwai wanda yake tsaye babu kowa a kansa. Aikin masu kai hari shi ne su gano wannan mutum kafin masu tsaro su koma wurarensu.

Mu fara da tare gaba. Mai tsaron da ya tsaya a gaban dogo ya rufe hanya ɗaya ce kawai, wato wadda ta taso daga inda ƙwallo take a lokacin. Idan ƙwallon tana gefen dama, sai a mayar da ita saman akwati, ko a juya ta zuwa gefen hagu da sauri. Shi kuma dogo kada ya yi kokawar zagayowa gaba. Ya juya ya dafe mai tsaron da bayansa, ya bar shi a inda ya zaɓa wa kansa, domin da zarar ƙwallo ta canza wuri, wanda yake gaba ɗazu ya zama yana waje, dogo kuma yana tsakaninsa da kwando. Daga nan sai a cilla masa ƙwallon ta sama, wajen kusurwar allo, ya cafe ya zura. Wanda ya fi dacewa da wannan miƙawa shi ne na biyu a tsawo, idan ya hau zuwa layin jifan kyauta, domin hawansa yana janye mai tsaronsa daga gindin kwando, bayan dogo ya zama fili. Sharaɗi ɗaya ne: sauran 'yan wasa su buɗe can gefe, kada wani ya tsaya kusa har mai tsaronsa ya sami damar kawo ɗauki.

Sai maganar taron dangi. A nan nauyin yana kan dogo. Idan ya karɓi ƙwallo, ya riƙe ta da hannu biyu a daidai haɓarsa, ya ɗaga kai ya duba ta ina mutum na biyu yake tahowa, domin inda ya baro nan ne ƙofar take. Yara da yawa suna buga ƙwallon a ƙasa da zarar sun karɓa, kuma a nan gajerun 'yan wasa masu zafin nama suke sace ta. Abokan wasansa su tsaya da tazarar mita 4 zuwa 5 a tsakaninsu, kuma wanda aka bari ya matsa zuwa inda dogo zai gan shi. Sau da yawa wanda aka fara miƙa wa ba shi ne zai yi jifa ba, saboda wani mai tsaron zai rugo kansa. Sai ya ƙara miƙawa gaba, domin ƙwallo ta fi ƙafar kowane ɗan wasa gudu, kuma miƙawa ta biyu ita ce kan sami wanda yake shi kaɗai a kusurwa.

Idan kuwa an cunkushe gindin kwando baki ɗaya, to dogo ya fito. Ya hau sama ya kafa wa mai riƙe da ƙwallo shinge da jikinsa, sannan ya gangara da gudu zuwa kwando. Tsare mutumin da yake tafiya ya fi tsare na tsaye wuya, kuma dole mai tsaronsa ya biyo shi waje, wanda hakan ke buɗe wa ƙananan 'yan wasa hanyar zagayawa ta baya. Masu kallon gasar NBA ta Amurka sun ga yadda Nikola Jokic yake tsayawa a saman akwati yana rarraba ƙwallo, har ƙungiyarsa ta Denver ta ci kofi a 2023. Akwai kuma dabaru biyu masu sauƙi. Dogo ya riga masu tsaro isa gindin kwando da zarar ɓangarensa ya karɓe ƙwallo, tun ba su shirya ba. Sannan ya bi duk jifan da abokansa suka yi, domin mai tsaron da ya tare masa gaba ya bar shi kusa da allo, kuma ƙwallon da ta dawo daga bakin kwando ba ta buƙatar wani ya miƙa masa.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Hakeem Olajuwon, wanda aka haifa a Legas a 1963. Ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu, kuma a wata gasar makarantun horon malamai da aka yi a Sakkwato ne ya fara fitowa a ƙwallon kwando. A 1984 ƙungiyar Houston Rockets ta ɗauke shi a matsayin na farko a zaɓen sababbin 'yan wasa. Ya yi kusan shekara goma ana yi masa taron dangi bai ci kofi ba. Da Rudy Tomjanovich ya zama kocinsu, sai ya kewaye shi da gwanayen jifa daga nesa irin su Kenny Smith da Robert Horry da Mario Elie da Sam Cassell. Duk wanda ya bar mutuminsa ya zo kan Hakeem, sai a hukunta shi da maki 3. Da wannan tsari suka ci kofi a 1994 a kan New York, suka sake ci a 1995 a kan Orlando. A wasan farko na karawar ƙarshe ta 1995, Kenny Smith shi kaɗai ya zura jifa 7 masu maki uku, Hakeem kuma ya ci ƙwallon nasara ta hanyar taɓa wadda ta dawo daga jifan Clyde Drexler, aka tashi 120 da 118.

Kada kuma a ɗauka dabarar ba ta faɗuwa. A 1996 ƙungiyar Seattle ta George Karl, mai 'yan wasa masu saurin komawa wurarensu, ta riƙa aika mutum biyu kan Hakeem ta fuskoki daban-daban. A wasan farko maki 6 kacal ya ci, kuma Seattle ta cinye wasanni huɗu a jere. Abin lura a nan shi ne, idan miƙawa ta yi jinkiri ko jifan nesa ya ƙi shiga, masu tsaro ba su da dalilin barin gindin kwando. Ƙungiyar Nijeriya ta D'Tigers, wadda ta ci kofin Afirka a Tunisiya a 2015, ta nuna ƙarfin jifan nesa a watan Yuli na 2021 a Las Vegas, inda ta zura 20 masu maki uku ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunci.

Wannan wasa ba baƙo ba ne a Arewa. Zariya ta daɗe tana fitar da 'yan wasa ta hannun koci Oliver Johnson, kuma a can Masai Ujiri ya tashi, wanda ya shugabanci ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Ƙungiyar ƙwallon kwando ta Kano Pillars ita ma ta ci gasar ƙasa sau da dama. Daga Batsari ko Safana zuwa waɗannan garuruwa ba tafiyar kwana biyu ba ce.

Ga malaman wasanni da ke cikin wannan ɗaki, shawarata ita ce ku raba lokacin atisaye. Ku sa yara biyar su kai hari a kan biyar, ku umarci biyu su faɗa wa dogo duk lokacin da ya taɓa ƙwallo, kuma ku hana shi jifa har sai ya miƙa waje an juya ta sau biyu. Ku tilasta wa gajerun yara jifa daga kusurwa kowace rana har hannunsu ya faɗa. Dogon kuma ku koya masa miƙawa da hannun dama da na hagu, da buga ƙwallo, da jifan kyauta, domin wanda ake yawan riƙewa shi ne ya fi kowa zuwa layin.

Ga iyaye da yayye mazauna birni kuwa, duk abin da na faɗa ba zai yiwu a kan yashi ba, domin ƙwallon ba ta tashi sai a kan daɓe mai ƙarfi. Cikakken fili mita 28 ne a tsawo da 15 a faɗi, amma rabinsa da kwando ɗaya da ƙwallaye kaɗan ya isa a koyi duk dabarun nan. Mun san halin da ƙauyukanmu na bakin dajin Rugu suka shiga a shekarun nan, da yawan yaran da aka dawo da su cikin gari ba su da abin yi bayan an tashi makaranta. Duk wanda Allah ya hore wa buhun siminti goma, ko wanda ya san mai walda da zai haɗa ƙarfen kwando, ya ga sakataren kwamitin wasanni kafin a watse.

 Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.